Ɗanmu ya kai shekara 4 bai fara magana ba, ga mu kan bizar aiki a Ingila

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, kan bizar aiki nake, maigidana da yaran a ƙarƙashina suke. Ɗanmu na biyu nan aka haife shi. Ya kai shekara 4 bai haɗa kalma biyu ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ƙara kaɗan kuma sai ya toshe kunne yana kururuwa. Malamar nazirinsu ta ce mu kai a duba shi. Babansa ya ƙi, wai za a ƙwace mana yaron, ko a ce mun ci kuɗin gwamnati a hana mu sabunta biza. Surukata kuwa cewa ta yi a maido shi gida a yi masa addu'a. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya ba ku ladan ɗawainiya.

Bari in fara da tsoron maigidanki, don muddin yana nan ba inda za ku motsa. Tsoronsa yana da tushe, sai dai ya haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Sharaɗin da ke kan bizarku na haramcin cin kuɗin gwamnati yana nufin wasu tallafi ne da aka lissafa da sunansu: Universal Credit na masu ƙaramin ƙarfi, kuɗin yara, kuɗin yaro mai lalura da ake kira DLA, alawus ɗin mai kula da majinyaci, gidan ƙaramar hukuma, da makamantansu. Ganin likita a NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ba ya cikin lissafin. Makarantar gwamnati ba ta ciki, haka ƙarin taimakon da yaro zai samu a cikinta. Taimakon da sashen kula da yara na ƙaramar hukuma ke bayarwa ƙarƙashin sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 shi ma ba ya ciki, kuma a waccan dokar duk yaro mai naƙasa ana ƙirga shi cikin masu buƙatar agaji. Don haka mafi yawan abin da ɗanku yake buƙata yanzu a buɗe yake gare ku. Wanda za ku kiyaye shi ne fom ɗin DLA. Kada wata maƙwabciya mai kyakkyawar niyya ta cike muku shi don ita tana karɓa, takardunta daban ne da naku.

Batun ƙwace yaro kuwa, ba a raba ɗa da iyayensa don ba ya magana. Sai an ga alamar cutarwa mai tsanani, kuma maganar kan ƙare ne a gaban alƙali. Abin da ya fi jawo idon hukuma kan gida shi ne ainihin abin da tsoro ke sa mutane yi: makaranta ta yi magana a yi shiru, asibiti ya aiko da ranar ganin likita sau biyu sau uku ba a je ba, ko a ga shatin duka a jikin yaro don an ɗauka taurin kai ne yake yi. Ki faɗa wa Babansa wannan cikin lalama. Sau da yawa uban da ke cewa "lafiyarsa ƙalau, ni ma na yi jinkirin magana" zuciyarsa ce ba ta shirya ɗaukar labarin ba, gardama kuma ƙara masa tauri take yi.

Alamomin da kika lissafa suna kama da na otizim, wanda wasu ke kira galahanga, amma ba ni da hurumin yanke wannan daga wasiƙa, ke ma ma'aikaciyar lafiya ce kin sani. Ki je wurin likitan unguwarku ki nemi abu uku: gwajin ji, turawa ga masu koyar da magana, da turawa ga tawagar da ke tantance otizim. Ki tafi da rubutaccen bayanin malamar naziri da gajerun bidiyo na yadda yake a gida, don yaro kan shiga ofishin likita ya zauna tsit kamar ba shi ba. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke shimfiɗa ƙa'idojin jinya, ita ce a fara tantancewa cikin wata 3 da turawa, amma a zahiri layin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Ki tambayi likitan game da tsarin Right to Choose, wanda ke ba majinyaci a Ingila damar zaɓen wata cibiyar da NHS ke biya, wataƙila layinta ya fi gajarta. In Babansa ya fi sakewa da Hausa, ku nemi tafinta tun kafin ranar, kyauta ne.

Inda iyaye da yawa ke asarar shekara guda ko fiye shi ne zaman jiran sakamakon asibiti kafin su tunkari makaranta. Ba a buƙatar sunan lalura kafin a fara taimaka wa yaro a aji. Kowace makarantar gwamnati tana da malami mai kula da yara masu buƙata ta musamman, SENCO ake ce masa, naziri ma tana da wanda ke riƙe da wannan aiki. Ki nemi zama da shi a makon nan. Sannan ke da kanki, ba sai makaranta ta amince ba, kina da ikon rubuta wa ƙaramar hukumarku ki nemi a auna buƙatun yaron don a yi masa takardar EHCP, wato tsarin karatu, lafiya da kulawa na yaro mai buƙata ta musamman. Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ce ta kafa ta, tana iya bin yaro har shekara 25, kuma duk taimakon karatu da aka rubuta a cikinta ya zama wajibi a kan hukuma. Suna da mako 6 su ce za su auna ko ba za su auna ba, gaba ɗayan aikin kuma mako 20 ne. In daftari ya zo kina da kwana 15 ki yi gyara ki faɗi makarantar da kike so. A nan ki buɗe ido sosai. Jimla irin "zai amfana da taimakon magana" ba ta ɗaure kowa. Ki nace a rubuta sau nawa a mako, minti nawa, da kuma wane ƙwararre ne zai yi.

Za su iya cewa a'a tun a matakin farko, kuma hakan ya zama ruwan dare. Kina da wata 2 daga ranar da ke kan wasiƙarsu ki ɗaukaka ƙara zuwa kotun SEND mai sauraron ƙararrakin karatun yara masu buƙata ta musamman, bayan kin tuntuɓi mai sasanci ya ba ki takardar shaida. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙarar. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin SENDIASS mai ba iyaye shawara kyauta, ƙungiyar IPSEA tana da samfurin wasiƙu a shafinta, ƙungiyar Contact kuma ta iyalan yara masu naƙasa ce. Komai ki yi shi a rubuce. In an yi magana ta waya, ki bi ta da imel a ranar, ki ajiye duka a fayil ɗaya.

A wurin aiki, tun watan Afrilun 2024 ma'aikaci yana da ikon neman a sassauta masa jadawali daga ranar da ya kama aiki, akwai kuma hutun mako 1 a shekara ba albashi ga mai kula da wani mai lalura. Ki nemi canjin lokutan duti kafin ki yi tunanin rage awoyi, domin bizarki a ɗaure take da albashin da aka rubuta wa hukumar shige da fice. Duk ragin da zai taɓa albashi, ki fara jin ta bakin lauya ko mai ba da shawarar shige da fice da ke da rajista.

Saura maganar Hajiya surukarki. Addu'a ba ta da iyakar ƙasa, ku roƙe ta ta dage da ita daga can, ku ma ku yi a nan, ba ta hana zuwa asibiti. Amma maido shi gida ya zauna shawara ce mai tsada. Zai rasa gurbinsa a layin asibiti da na ƙaramar hukuma, a shekarun da koyon magana ya fi kama jiki. Yaron da canjin hanyar makaranta kaɗai ke birkita shi, a raba shi da uwa da uba a lokaci guda, ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma takardu. Haihuwa a Birtaniya ba ta mai da shi ɗan ƙasa ba, tunda lokacin ba ɗayanku da ke da izinin zama na dindindin. Hanya biyu gare shi a Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta 1981: a yi masa rajista da zarar ɗayanku ya sami izinin dindindin, ko kuma ya cika shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar ba tare da ya yi fiye da kwana 90 a waje ba a kowace shekara. Doguwar tafiya tana iya rushe ta biyun, wadda ita ce madogararku in ta farkon ta yi jinkiri. Ranar da ya zama ɗan ƙasa, ana iya neman DLA da sunansa. Ziyarar hutu ba laifi, ku dai riƙa ƙirga kwanakin. Kuma kada a ba shi wani jiƙo ko garin magani da aka aiko ba tare da likitansa ya san abin da ke ciki ba.

Za ki ji masu cewa allurar rigakafi ce ta jawo. Binciken 1998 da ya haddasa wannan jita-jita mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Za ki ji masu cewa ku daina yi masa Hausa don harshe biyu ne ya rikita shi. Ku ci gaba da yi masa, jin harshe biyu ba ya haddasa wannan lalura, kuma da Hausar ce zai gane kakarsa in ta kira a bidiyo. Ku sa Hajiya cikin lamarin: duk kalma ko alamar hannu da mai koyar da magana ta ba ku ta mako, ku tura mata ita ma ta riƙa maimaita masa.