Ƙaramin mai hannun jari da shugabannin kamfani

Wani ɗan kasuwa mai shagon turare da jallabiya a Jidda ya rubuto cewa ya sayi hannun jari a wani kamfanin siminti da abin da ya tara, sai ga ribar da ake rabawa ta ragu, ya buga wa kamfanin waya bai samu mai yi masa bayani ba. Yana tambaya ko mai ɗan ƙaramin kaso irinsa yana da bakin magana, da kuma inda zai samu labarin da za a dogara da shi.

Alhaji, kana da bakin magana, amma maganarka ba za ta yi nauyi ba sai ka fara karanta abin da kamfanin ya riga ya bayyana. Duk kamfanin da ke cikin babban sashen Tadawul, wato kasuwar hannayen jari ta Saudiyya, Hukumar Kula da Kasuwar Jari ta Saudiyya ta wajabta masa fitar da sakamakon kuɗinsa kowane wata uku, da cikakken rahoto a ƙarshen shekara, da sanarwa kan duk wani babban al'amari da zai iya taɓa farashi. Ana samun waɗannan kyauta a shafin Tadawul da Larabci, kuma shafin Argaam yana taƙaita su.

Idan ka buɗe rahoton, kada idonka ya tsaya a kan layin riba kaɗai. Ka san yadda ake yi a shago: ana iya rubuta ciniki mai yawa a littafi alhali rabinsa bashi ne a hannun mutane, aljihun tebur kuwa babu komai. Saboda haka ka nemi shafin da ke nuna kuɗin da suka shigo hannu daga ainihin aikin kamfanin, ka gwada su da ribar da aka rubuta, sannan ka duba bashin banki da ke kansa da abin da mai binciken kuɗi na waje ya faɗa a kan lissafin. A kamfanin siminti ka ƙara da duba yawan kayan da suka taru ba a sayar ba da kuɗin makamashi, domin sau da yawa nan ne amsar tambayarka take. Ba don wahalar da kai nake nanata wannan ba. A watan Nuwamban 2014 kamfanin sadarwa na Mobily ya sake lissafin ribar da ya riga ya sanar, ya rage ta, farashinsa ya faɗi, kuma ƙananan masu jari da yawa sun ji jiki.

Bayan karatu sai tambaya. Ka rubuta wa sashen hulɗa da masu zuba jari ta imel ɗin da ke shafin kamfanin, ka ambaci rahoton da shafin da kake magana a kai, ka yi tambaya ɗaya tak, misali dalilin da ya sa bashi ya ƙaru alhali ciniki bai ƙaru ba. Kada ka tambaye su ko farashi zai hau, ko nawa za a raba a gaba, domin doka ta hana su ba wani mutum shi kaɗai labarin da ba a sanar wa kowa ba, wanda ya yi ciniki da irin wannan labari kuwa laifi ya aikata.

Babbar damarka ita ce babban taron masu hannun jari, wanda ake sanar da shi aƙalla kwana 21 kafin ranar. Doka ta ba ka haƙƙin yi wa majalisar gudanarwa da mai binciken kuɗi tambaya, ko da hannun jari ɗaya gare ka. Ka yi rajista a Tadawulaty, shafin intanet na masu hannun jari, wanda cibiyar ajiyar hannayen jari ta Edaa ke gudanarwa, sai ka jefa ƙuri'a ta wayarka kana zaune a shago. Abubuwa biyu nake so ka tsaya a kansu: ladan da 'yan majalisar suke yanka wa kansu, da kwangilolin da kamfanin ke ƙullawa da kamfanonin da su 'yan majalisar suke da hannu a ciki. Yana ba ni takaici yadda mutanenmu suke danna amincewa a kan waɗannan ba tare da sun karanta ba. Kiran taro na musamman kuwa sai masu kashi 10 cikin 100 sun haɗu, kamar yadda dokar kamfanoni da ta fara aiki a Janairun 2023 ta tanada.

Game da rukunonin WhatsApp masu cewa a sayi kaza kafin Alhamis, dattawan da suka ga faɗuwar kasuwa ta Fabrairun 2006, lokacin da ma'aunin kasuwar ya haura 20,000 sannan ya zubar da fiye da rabi kafin shekarar ta ƙare, za su gaya maka inda bin jita-jita yake kai mutum. Idan ka ga an tauye maka haƙƙi, kamar ribar da aka sanar ba ta shigo asusunka ba, ka fara da dillalinka da kamfanin a rubuce, in ba a warware ba ka shigar da ƙorafi ta shafin Hukumar Kula da Kasuwar Jari, ka haɗa da kwafin duk saƙonnin da kuka yi musaya.