Amsar da Kawu ya turo daga Ailan kan gasar giya

To, assalamu alaikum 'yan gida. Na ji tambayar ƙanena, wai gaskiya ne Turawan nan na Ailan har gasar shan giya suke yi, a ba da kambu? A'a ɗan'uwa, ka ji rabin zance ne. Ba shan ake gasa ba, haɗawar ake gasa. Ni dai kun sani ba na sha, kada wani ya fara turo min wa'azi, amma shekara nawa ina zaune a birnin Kok, maƙwabcina kuma wannan ita ce sana'ar ransa.

Mutumin nan a ɗan ɗakin ajiya na bayan gida yake dafa abinsa. Sha'ir ne da aka jiƙa ya tsira, kamar dai yadda masu burukutu ke yi da dawa, sai wani fure mai ɗaci da suke kira hofs, sai yis, a bar shi ya tsima. Ya zuba a kwalba ba suna sai lamba, ya aika gasar ƙungiyarsu, National Homebrew Club. Alƙalai su zauna da takarda, maki 50 ne gaba ɗaya: ƙamshi 12, ɗanɗano 20, launi da kumfa 3 kacal, sauran na yadda take zama a baki da yadda suka ga abin dunƙule. Kurɓa kaɗan, su yi ta rubutu kamar masu duba jarrabawa.

Me ya kawo haka? Gajiya suka yi. Da can ka shiga mashaya, Guinness ce, ita ce tun 1759 da Arthur Guinness ya karɓi hayar wurin nan na Dablin na shekara 9,000. Dubu tara fa! A nan Kok kuma Murphy's da Beamish, su ma duk Heineken ta mallake su. Sai a 1996 ƙananan kamfanonin giya suka fara ɗagowa, Porterhouse a Dablin, O'Hara's a Carlow. Franciscan Well ta nan garinmu a 1998. Af, ita ma ai an saye ta, Molson Coors ta ɗauke a 2013, har yau maƙwabcina in an ambata sai ya tsuke fuska. Abin da ya ba su ƙarfi dai shi ne 2005, da gwamnati ta yafe wa ƙananan masu haɗawa rabin haraji.

Amma ni abin da ban manta ba, wani dare wajen ƙarfe biyu na ji tau! tau! Wallahi na diro daga gado, uwargida na salati, mun ɗauka harbi ne. Ashe sukari ya cika wa kwalaben kafin ya toshe, iska ta taru, suka yi ta fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wari ya cika tsakar gida kwana uku, kayan yaran da ke kan igiya sai da aka sake wankewa. Da safe ya zo ba da haƙuri, kun san me ya riƙo? Kwalba biyu da suka tsira, wai kyauta! Ni! Mutumin da ya san ina azumi. Kuma waccan ce fa ya so ya kai gasa, wai... kai, bari dai.

Wani abin dariya, da ya ji daga Najeriya nake sai ya hau yi min tambaya kan Guinness ɗin Ikeja, wadda aka gina masana'antarta a 1962. Wai tamu ta fi tasu ƙarfi, barasar cikinta kashi 7.5 ce cikin ɗari, tasu kuma 4.2, kuma da dawa ake haɗa ta. Har shagon 'yan Afirka yake zuwa nemanta. Yanzu naci yake min in zo masa da dawa in na je gida. Na ce masa dawata ta tuwo ce. To, sai na ji ku, kira na shigowa.