Gilashin ƙofar tsohuwar akori-kura: ina ake samunsa a Legas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, kuma ina da akori-kura ƙirar Peugeot 404 da na gada daga mahaifina, wadda har yau nake ɗaukar kaya da ita daga kasuwar Mile 12. Gilashin ƙofar direba ya tarwatse a makon jiya, na zaga shaguna ban samu irinsa ba. Wani mai haɗa tagogin gida ya ce zai yanka mini. Shin in yarda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Kada ka yarda a sa maka gilashin tagar gida a ƙofar mota, komai arharsa, domin idan ya fashe yakan tsage dogo-dogo kamar wuƙaƙe, ga shi kuma kusa da wuyanka da fuskarka. Gilashin gefen mota gasasshe ne: ana zafafa shi fiye da digiri 600 a ma'aunin Celsius sannan a huce shi da iska nan take, shi ya sa naka ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Gilashin da aka riga aka gasa ba ya yankuwa, saboda haka duk wanda ya ce zai rage maka na wata mota ya dace da ƙofarka, asarar kuɗi zai jawo maka.

Kafin ka sake fita nema, ka sa makanikinka ya ciro gilashin ɗaya ƙofar a hankali, ku kwantar da shi a kan tabarma, ku ɗora masa miƙaƙƙen katako ko rula ta ƙarfe a tsaye da kuma a kwance. Idan babu ratar da haske ke ratsawa tsakaninsu, gilashin shimfiɗaɗɗe ne, kuma matsalarka ta zo da sauƙi. Ka zana siffarsa a kan kwali mai kauri, ka yanke ta daidai, ka auna kaurin gilashin da milimita, domin wanda ya fi kauri zai cije a cikin roba, wanda ya fi siriri kuma zai riƙa karkarwa a hanya. Masu sarrafa gilashi za su iya yanka sabo bisa wannan kwalin, su goge bakinsa, sannan su gasa shi; ko kuma su yanka maka daga gilashi mai ninki biyu da roba a tsakiya, irin na gaban mota, wanda yake yankuwa kuma ba ya zubewa idan ya fashe. Idan kuwa gilashin yana da lanƙwasa, to sai dai a nemo tsohon na asali, kuma a nan na hagu dabam yake da na dama.

Ni dai na fi son na asali idan ya samu. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar nan da motocinsa, don haka ragowarsu ba ta ƙare ba. Sai dai a kasuwar Ladipo da ke Mushin kayan motocin Japan da na Turai na baya-bayan nan sun fi yawa, saboda haka ka tambayi tsofaffin masu sayar da kayan Peugeot kai tsaye, kada ka tsaya wurin 'yan kamasho na bakin hanya. Ka leƙa Owode Onirin, inda ake farfasa matattun motoci, kuma ka aika wa 'yan uwa hoton kwalin da awonsa su duba maka a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Kada ka taƙaita neman ga akori-kura kaɗai, domin gabanta daga na ƙaramar 404 aka samo shi. Ka ɗora kwalinka a kan gilashin ƙofar gaba na kowace 404 da ka gani, kuma idan an ce sai dai ka sayi ƙofar gaba ɗaya, ka yi ciniki, domin za ka amfana da injin murɗa gilashin da ƙarfen da ke riƙe shi daga ƙasa.

Duk wanda ka samu, ka duba kusurwarsa ta ƙasa ko akwai tambarin masana'anta. Wasu suna ɗauke da harafin E da lamba cikin da'ira, inda E2 ke nufin Faransa ce ta amince da ingancin gilashin. Ka shafa bakinsa da yatsa, domin ɗan ɓantare a gefen gasasshen gilashi yana iya tarwatsa shi daga baya. Ranar ɗaurawa kuma a kwashe ɓaraguzan da suka zuba cikin ƙofar, a buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasanta saboda damunar Legas, a canza robar da gilashin ke bi, sannan a murɗa shi sama da ƙasa sau da yawa kafin a mayar da murfin ƙofar.