Ina sauran bim ɗin ya shiga?

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa na hana ka ƙara bim daga tushe, wato kwararar ƙwayoyin da injinmu na hanzarta ƙwayoyin zarra ke harbawa ta cikin bututu, alhali kofin Faraday na farko, abin auna bim, yana nuna nanoamp 80 a ma'aunin wutar lantarki, na ƙarshen da ke gaban taget, fallen da ake so bim ya daka, kuma 20 kacal, ga masu bincike sun sa ka a gaba suna neman ƙari. A lissafinka, in an ninka abin da injin ke fitarwa sau huɗu za su sami 80 ɗinsu, kowa ya huta. Lissafin bai yi ƙarya ba. Abin da ban ji ka tambaya ba shi ne inda 60 ɗin nan suka shiga.

Ba ɓacewa suka yi ba, wani abu suke duka a hanya: ko bangon bututu, ko leɓen tsaga, ko gefen bawul da bai gama buɗewa ba. Nanoamp ɗaya na furoton, ƙwayar tsakiyar zarrar haidurojin, ya haura ƙwayoyi biliyan 6 a kowace daƙiƙa, sai ka ninka da 60 ka ga yawan abin da ke zuba a wurin da ba a shirya masa ba. Duk inda suka faɗa suna barin zafi. Maikuroamp ɗaya, wato nanoamp 1000, na furoton mai ƙarfin MeV 30 a ma'aunin kuzarin ƙwaya, wat 30 ne cif, kuma a kan ɗigon da bai wuce milimita biyu ko uku ba yake sauka. Ban da zafi akwai hasken gama da nutiron da ke tashi daga ƙarfen da aka daka, su bi ɗaki su shiga na'urorin ganowa, su cika wa masu bincike ma'auni da tarkacen da ba daga taget ɗinsu ya fito ba. Nutiron masu gudu kuwa lalata kiristal ɗin jameniyam da ke cikin na'urorin ganowa suke yi a hankali, har layukan ma'aunin da a da suke fitowa siriri su fara yin jela. Ƙarfen kansa yana iya ɗaukar radiyeshan ya riƙe, kai ne kuma za ka je gobe da sifana ka kwance shi. In ka ninka bim sau huɗu, asarar ta tashi daga 60 zuwa 240. Ruwa kake ƙara wa tulu mai yoyo.

To, kafin ka taɓa ko da maganaɗisu ɗaya, fara da tuhumar kofin da ya ba ka labarin. Kofin Faraday ƙarfe ne kawai mai rami, bim ya faɗa ciki, waya ta kai cajin ga mita. Amma idan ayon, wato zarra mai caji, ya daki ƙarfe yana fizgo ilektron daga fuskarsa, kuma duk ilektron ɗin da ya tsere daga kofi, mita tana ƙirga shi kamar ƙarin caji ne ya shigo. Shi ya sa ake sa zobe a bakin kofi a ba shi volt wajen 300 na nagatif, ya kora su su koma ciki. In wutar zoben kofin farko ta mutu, zai iya nuna maka 80 alhali abin da ke shiga bai kai haka ba, ka kwana kana farautar bim ɗin da tun asali babu shi. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: kashe wutar zoben, duba mita, kunna, sake dubawa. In lambar ba ta motsa ba ko kaɗan, akwai alamar tambaya a kan zoben nan ko wayarsa.

Sannan ka tuna caji kofi yake aunawa, ba ƙwayoyi ba. In ayon na oksijin muke harbawa mai caji 8, sai ka raba karatun mita gida takwas kafin ka san yawan ƙwayoyin. In kuma akwai siririn fallen kabon mai tuɓe ilektron a tsakanin kofunan biyu, cajin da ya shiga ba shi ne ya fita ba, kuma ba caji guda ne ke fitowa ba, iri-iri ne, maganaɗisun gaba ya zaɓi ɗaya ya watsar da saura. Wannan asara ce da aka san da ita tun a zane. Wanda bai duba wannan ba sai ya yi ta kwatanta lambobi biyu da ba su da alaƙa da juna.

In kofuna sun fita daga zargi, ɗaga kai ka dubi gejin iska sashe-sashe. A layi irin namu muna son matsin cikin bututu ya kasance wajen 10⁻⁶ zuwa 10⁻⁷ na miliba, alhali iskar da muke shaƙa ta haura miliba 1000. Ga furoton mai gudu sosai, ɗan lalacewar wannan ba ya yin ɓarna mai yawa. Ga ayon masu nauyi kuwa magana ce babba, domin in ayon ya yi karo da ragowar iska yana iya karɓar ilektron ko ya rasa. Mai caji 8 ya koma 7, ya iso maganaɗisun lanƙwasa, kwanarsa ta buɗe da kusan kashi 14 cikin ɗari, ya tafi ya daki bango. In ka ga geji ɗaya ya fi maƙwabtansa hawa, ko dai yoyo ne, ko kuma a nan ne bim ke gasa ƙarfe yana fitar da iskar da ta maƙale masa. Tare bim da kofi ka zuba wa gejin ido. In ya sauka nan take, ka gano inda bim ɗinka yake zuba ba tare da ka kwance noti ɗaya ba. In bai sauka ba, a kawo na'urar neman yoyo mai shinshinar iskar hiliyam. Fesa hiliyam a haɗe-haɗen bututu kaɗan-kaɗan, daga sama ka gangaro ƙasa, domin hiliyam tashi yake yi, in ka fara daga ƙasa zai haura ya shiga ta ramin da ke sama ya sa ka zargi haɗin da ba shi da laifi. Ka riƙa jira tsakanin fesa da fesa. Kuma in ta kai ga buɗewa, gaskit ɗin jan ƙarfe sau ɗaya ake amfani da shi, notuna a ɗaure su gicciye a hankali, hannu da safa, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana famfon zuƙe iska kaiwa inda ake so da wuri.

Yanzu maganaɗisu. Na ga ka buɗe littafin aiki ka kwafe lambobin karan na makon jiya, wato wutar da ake ba maganaɗisu, ka zuba, kana mamakin yadda bim bai bi hanyarsa ta da ba. Baƙin ƙarfen maganaɗisu yana riƙe da tarihin abin da aka yi masa. Amp 100 da ka hau zuwa gare shi daga sifili, da amp 100 da ka sauko zuwa gare shi daga sama, ba ƙarfi ɗaya suke bayarwa ba. Bambancin ƙarami ne, amma bim da zai yi tafiyar mita goma bayan kwana, ɗan wannan bambancin ya isa ya kauce da milimita da yawa. Don haka ake kai maganaɗisu ƙololuwa a sauko da shi ta hanya ɗaya kullum, sannan a karanta ƙarfin filin maganaɗisun kansa da ma'aunin Hall ko na NMR, na'urorin da ke auna shi kai tsaye, ba karan ɗin da ke allon wutar ba. Bayan kwanar akwai tsaga mai leɓe biyu, kowane leɓe da mitarsa. In na hagu yana ɗaukar caji na dama shiru, ba sai an gaya maka ɓangaren da bim ya karkata ba.

Maganaɗisu masu baki huɗu, waɗanda muke kira kwad, su ne inda yawancin sababbin hannu ke rikicewa, don haka ka saurara. Kwad ɗaya ba ya tattara bim ta kowane ɓangare. In ya matse shi ta kwance, to yana baza shi ta tsaye. Sai an jera biyu ko uku, wannan ya matse nan wancan ya matse can, sannan jimillar ta zama tattarawa. Courant da Livingston da Snyder ne suka fito da wannan dabara a cibiyar binciken Brookhaven ta Amurka a 1952, daga baya aka gano wani injiniya ɗan Girka, Nicholas Christofilos, wanda aikinsa na yau da kullum harkar lif ce ta gine-gine, ya riga su da 'yan shekaru ba a kula shi ba. Ina son labarin nan, amma mu koma kan aiki.

A tsakiyar kwad daidai, ƙarfin filin sifili ne, yana ƙaruwa ne gwargwadon nisanka daga tsakiya. Bim ɗin da ya bi ta tsakiya siffarsa kawai ake canzawa. Wanda ya shigo a karkace kuwa, kwad ɗin zai ture shi gaba ɗaya gefe, tamkar maganaɗisun lanƙwasa. Ga yadda za ka gani da idonka. Sauke allon haske da ke bayan kwad ɗin, wanda ke haskawa in bim ya dake shi, rage bim sosai tukuna don kada ka ƙona allon, ka dubi ɗigon a kyamara. Ɗan ƙara karan ɗin kwad, ɗan rage. In ɗigon yana tsaye wuri ɗaya, yana tsukewa yana faɗaɗa, daga da'ira ya zama ƙwai ya dawo, to bim yana tsakiya. In ɗigon yana zamewa hagu da dama duk lokacin da ka taɓa, to a karkace ya shigo, kuma gyaran ba a nan yake ba, yana baya, a ƙananan maganaɗisun tuƙi da ke gabanin kwad ɗin. Abin da sabon hannu ke yi shi ne ya yi ta murɗa kwad har mitar ƙarshe ta ɗan hau, ya ce ya samu. Eh ta hau, amma da kwad ya tuƙa bim ɗin, yanzu duk wanda ya zo gyara girman ɗigo a kan taget sai bim ya gudu masa. Ni ban ɗauki wannan gyara ba, ɗaure matsala ne a bar wa mai karɓar aiki da dare.

Ƙa'idata ita ce daga tushe zuwa taget, kofi bayan kofi, allo bayan allo, maɓalli ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta lambar da ka tarar kafin ka canza ta. In kofi na biyu ya ba ka 78, na uku 75, na huɗu 22, ka san tsakanin na uku da na huɗu ne aikinka yake, sauran layin ka ƙyale shi. Kwamfuta tana da lissafin yadda bim ya kamata ya kasance a kowane wuri, kuma yana da amfani ƙwarai wajen farawa, sai dai ita ba ta san an bar wani allo rabi a ciki ba saboda iskar da ke tura shi ta yi rauni.

In abin ya kai ga shiga ɗakin bim, babu gajeriyar hanya. A tare bim, ka zare makullinka ka sa a aljihu, mitar radiyeshan a hannu tana gaba kana biye, musamman kusa da wurin da kake zargin bim ya daɗe yana duka. Kada ka taɓa yarda wani ya tsallake makullin tsaron ƙofa, mai tare bim in an buɗe ta, da waya don a yi sauri. A 1978, a injin U-70 da ke Protvino ta Tarayyar Sobiyet, Anatoli Bugorski ya sunkuya duba wata na'ura da ta samu matsala, matakan tsaro ba su yi aiki ba, bim ɗin furoton ya ratsa kansa. Ya rayu, amma kunnensa na hagu ya daina ji, rabin fuskarsa ya shanye.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka mayar wa masu binciken cikin ladabi: nawa na'urorinsu za su iya ɗauka? Taget ɗinsu falle ne da kaurinsa sau da yawa bai wuce miligiram ɗaya a kan santimita murabba'i ba, bim mai yawa yana huda shi ko ya narkar da shi. Na'urar ɗaukar bayanai kuma duk lokacin da take rubuta abu ɗaya kurma ce ga na bayansa, in abubuwa suka yi yawa sai rabin lokacinta ya tafi a haka. Sau da yawa 20 mai tsabta da ta sauka a tsakiyar taget ta fi musu 80 da ke goga firam ɗin da ke riƙe da taget. In ka toshe asarar hanya, hayaniyar da ke damunsu ta ragu, wataƙila ma su ce a bar shi haka.

Ɗauko littafin. Fara da zoben kofin farko, sannan ka sauke kofunan ɗaya bayan ɗaya ka rubuta abin da kowanne ya nuna tare da karatun gejin da ke kusa da shi. In ka iso wurin da lambar ta faɗi, kada ka murɗa komai, kira ni mu sauke allo mu duba tare.