Amsar Kawu kan tambayar jirgi

Ɗana, na ga saƙonka bayan la'asar. Sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce malaminku a jami'a ya ba ku tambayar da wata malama 'yar Ingila, Philippa Foot, ta kawo a 1967: tarago ya ƙwace, mutum biyar na kan layin dogo, in aka karkatar da shi zai bi ta kan mutum ɗaya. Kana son sanin me al'adarmu ta ce. To mu a Yauri ina muka ga layin dogo? Jirginmu na ruwa ne, shi zan ba ka labari.

Bayan an tare kogin Kwara da madatsar ruwa a Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungu-gungu, wato tsibirai, da gonaki, ya yi faɗin da ko Sarkawa sai da suka sake koyon halinsa. Ina saurayi a lokacin, ina bin Baba kasuwa. Wata ranar kasuwa da damina muka shigo kwalekwale za mu koma gida, an lafta masa buhunan shinkafa da gero, ga raguna biyu, ga wata amarya da kayan ɗakinta. Bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba. Muna tsakiya hadari ya taso daga gabas, igiyar ruwa ta fara zubowa ciki. Mata suka ɗauki ƙore suna kwarfewa, wasu na salati, jariri na tsala ihu.

Mai jirgin Basarke ne, dattijo mai furfura a gemu. Ya ce a zubar da kaya. Buhun Baba aka fara turawa, shi da hannunsa. Amaryar nan ta kwance ƙunshin tasoshinta tana jefawa ɗaya bayan ɗaya tana kuka, har yau ina jin ƙarar su a kan ruwa. Sai wani falke da ya rungume buhunsa ya dubi wani tsohon makaho da ke zaune a gindin jirgi, ya ce ai wasu sun riga sun ci zamaninsu. Bai ƙarasa ba. Mai jirgi ya ɗaga filafili ya ce, "Wanda ya taɓa mutum a jirgin nan, ni da shi ne. Kaya na ce." Buhun falken ma ya bi ruwa, raguna suka bi baya.

Duk da haka jirgi bai taso sosai ba. Ba wanda ya ce musu komai, samarin mai jirgi biyu suka tuɓe riguna suka faɗa ruwa, suka riƙe gefen jirgi suna iyo. Da muka kai gaɓa ɗaya ne ya fito. Ɗayan, ƙanen mai jirgin ne, sai washegari aka same shi. Allah ya jiƙansa, da ransa na tsira har na ga haihuwarka.

A daren nan Baba ya ce mini, "Dukiya fansar rai ce, amma rai ba a fansar sa da ran wani, sai in mai shi ne ya bayar." Kaka kuma takan ce wanda bai iya busa rai ba, kada ya yi rabonsa. Malaminmu na zaure, da muka kawo masa zancen Annabi Yunusa da ƙuri'ar da aka yi a jirgi, cewa ya yi malaman Malikiyya sun ce wannan ba shari'armu ba ce, ba a jefa ɗan Adam a ruwa da ƙuri'a don sauran su tsira. Ya ja mana ayar Suratul Ma'ida, wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne. Na san akwai ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, kuma taragon naku ba daidai yake da tura mutum da hannu ba. Wannan ka kai wa malami mai littafi, ku zauna.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne saurin lissafi. Biyar ta fi ɗaya, shi ke nan, an wuce. Kun taɓa tambayar wane ne ɗayan? Dubban mutanen da aka tayar daga gidajensu saboda Kainji ma an ce don ƙasa ta samu lantarki ne, kuma ba da su aka zauna aka yanke ba.

Sannan ba wanda ke tambayar wa ya cika jirgi tun daga gaɓa. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Warra a Ngaski, mutane da yawa suka rasu, galibi masu neman abinci, kuma har gobe ana lodin da ya wuce ƙima. In za ka zo hutu, ka biyo mota ta Koko. In kuwa ruwa ya kama dole, kada ka shiga sai da rigar ruwa, ka duba bakin jirgin kafin ka sa ƙafa. Ka gai da mahaifiyarka.