Wai mi ake nufi da sawun kabon, kuma ina ruwan tela da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ne a nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura. Ƙanena da ke jami'a ya zo hutu ya ishe mu da zancen wai kowa na da sawun kabon kuma sai mun rage. To ni dai mota ban da ita, jirgi ban taɓa hawa ba, mashin gare ni sai ɗan janareta a shago, gida kuma da gawayi ake girki. Mi ye nawa a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam tela, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, kawai dai ina jin bai zauna ya warware maka ba ne. Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko gas ko itace ko gawayi, yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, ita ce iskar kabon, tana taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar ka lulluɓa bargo a watan Afrilu. To idan aka tara wadda ta fita saboda kai a shekara, girkinka da hawanka da wutarka, wannan jimlar ita ce sawunka. Kamfanin mai na BP ne ma ya yayata kalmar a tallace-tallacensa wajen 2005, shi ya sa ni kaina ba na son a riƙa ɗora wa talaka laifin da ba nashi ba.

Don gaskiya naka kaɗan ne. A lissafin man fetur da gas da makamantansu, ɗan Najeriya bai kai ko tan 1, wato kilo 1,000, a shekara ba, wajen 0.6 ne, Ba'amurke kuwa yana wajen tan 14, Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Marigayi Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita nata zuwa 2060, wato iskar da take fitarwa kar ta wuce wadda ake zuƙewa, wannan kuma aikin gwamnati ne ba na mai keken ɗinki ba.

Amma zo mu leƙa shagon nan naka tukuna. Litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.3 na iskar nan, kar ka yi mamakin yadda ya fi nauyin man kansa, ai haɗuwa yake da iskar da muke shaƙa wajen ƙonewa. Ka ce kana shan lita 2 kullum a janareta, a shekara ka fitar da kusan kilo 1,700 ke nan, wato janaretan kaɗai ya ninka na ɗan Najeriya guda kusan sau uku, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba sai na gaya maka abin da lita 730 ke ci a aljihu ba, kai ka fi ni sani. Idan dai guluf da fanka da cajin waya ne ke sa ka tada shi, ƙaramin sola da batir zai ɗauke su, ka bar janareta sai ranar da za a kunna injin aiki ko lokacin ɗinkin Sallah. Guluf ɗin nan na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Mashin kuma ba wani dogon zance, ka riƙa duba iskar taya, ka canza baƙin mai da fulogi a kan lokaci, in kafireta na zubar da mai a gyara, shi ke nan.

Inda na fi so ka tsaya shi ne madafa, don nan ne mu Katsinawa abin ya fi shafarmu kai tsaye. Gawayi yana ruɗin mutane saboda ba ya hayaki a gida, alhali hayakin can daji aka baro shi, kafin a samu kilo ɗaya na gawayi a irin ƙunar da ake yi ta binne itace da ƙasa sai an ƙona itace kilo biyar ko fiye. Murhun duwatsu uku shi ma yawancin zafinsa gefe yake tsiyayewa, ɗan kaɗan ne ke shiga tukunya. Itace in ana sara ana maye gurbinsa, abin da sauƙi, bishiyar da ta tsiro za ta sake zuƙe iskar, to amma mu sara muke ba dashe, ga jiharmu tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada. Gas ma yana fitarwa, silinda mai kilo 12.5 tana ba da wajen kilo 37 na iskar, duk da haka ya fi gawayin nan sauƙi nesa ba kusa ba. In kuɗin gas ya gagara, a samo wa uwargida murhun nan mai tattalin gawayi wanda aka lulluɓe cikinsa da yumɓu, a riƙa rufe tukunya, a jiƙa wake tun da dare, in an sauke a kashe ragowar garwashin a adana maimakon a bar shi ya zama toka. Garwashin ma ka iya ɗiba ka zuba a dutsen guga ba sai ka hura sabo ba.

Kuma don Allah ƙyallayen da ke taruwa a shago kar a haɗa da leda a cinna musu wuta a bakin kwata, yadin roba daga mai aka yi shi, hayakinsa kuma ƙirjin yaranka yake fara shiga, masu cusa filo da katifa za su karɓa.

In kuna da gona a ƙauye, ga abin da maƙwabtanmu na Maraɗi suka fara tun wajen 1983: ba su jira an kawo musu dashe ba, lokacin sassabe sai su bar tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, da haka aka farfaɗo da bishiyoyi a fili kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo suka fi bari musamman ta wajen Damagaram, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ga inuwa ga 'ya'yan da awaki ke ci. Ka tura ƙanen naka gonar kafin hutunsa ya ƙare ya ƙirga kututturen da ke toho.