An sallame ni ba dalili, ko kotu za ta mayar da ni aiki?

Tambaya: Shekara shida ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kano. An ba ni takardar sallama ba a faɗi laifina ba, aka haɗa mini da albashin wata ɗaya. In na kai ƙara, za a mayar da ni bakin aikina?

Amsa: Malam, gaskiya da wuya. Galibi kotu ba ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya ci gaba da zama da ma'aikacin da ba ya so. Wanda ake mayarwa shi ne wanda doka ce ta tsara ɗaukarsa da korarsa, kamar ma'aikacin gwamnati ko malamin jami'ar gwamnati. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1985 a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas. Kai abin da za ka nema diyya ce.

Ƙararka ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, kuma tana da reshe a Kano. Sashe na 254C na tsarin mulki ya keɓe mata rigingimun aiki, don haka kada ka ɓata kuɗinka a wata kotun.

A da, muddin an ba ka wa'adi ko kuɗinsa, magana ta ƙare. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar, kuma da wannan lauyan kamfanin zai fake. Amma a 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, Kotun Ma'aikata ta ce sallama ba tare da dalili ba ta saɓa wa ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A ganina wannan shi ne adalci, sai dai ba kowane hukunci ne ya bi wannan hanya ba, kada ka sa rai da yawa.

Inda ma'aikata suka fi faɗuwa shi ne wajen hujja. Alƙali da takarda yake aiki. Tattara takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatar da kai, da kundin sharuɗɗan aiki, da takardun albashi, da bayanan asusunka na banki. Duk kuɗin da kake bi, na hutu ne ko na sallama ko fanshon da aka cire ba a zuba ba, sai ka faɗi adadinsa, ka nuna inda yarjejeniya ta ba ka shi. In ka ce kawai a biya ka haƙƙinka, kotu ba za ta yi maka lissafi ba.

Kuma kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka sai lauya ya karanta ta, domin da ita za a rufe maka baki a gaban alƙali.